Wurin Mutum Ɗaya

Babanmu ya yi wa Turawan da suka haƙa mana kanal ɗin ban ruwa aikin kuku, kuma a bakinsu ya tsinto labarin wani mutumin Italiya da ya ƙera jirgi mai kama da ƙaton balan-balan. Ya tashi da shi har can ƙarshen duniya, inda teku ke daskarewa a yi tafiya a kansa, ya dawo lafiya aka yi masa kirari. Da ya koma karo na biyu sai jirgin ya faɗo kan ƙanƙara, ƙafarsa ta karye, shi da mutanensa suka rakuɓe a tanti. Daga baya wani ƙaramin jirgi ya zo ceto, amma wurin mutum ɗaya gare shi. Matuƙin ya ce shugaba zai ɗauka, wato mutumin Italiyan. Ya hau, har da karensa. Da jirgin ya dawo ɗaukar na biyu sai ya kife.

Nan Baba yake tsayawa ya tambaye mu, "Da ku ne, za ku hau?" Ni da bakina kamar reza nake riga kowa: "Allah ya kiyaye! Wannan ai ragon maza ne."

Na girma, na samu gonar shinkafa a fadamar da ke bayan Bunkure. Wata damina na kira gayyar girbi, don kogi yana ta cika. A wajenmu mai gayya shi ke cin tuwo ƙarshe, shi ke barin gona ƙarshe. Kowa ya san wannan.

Kafin la'asar ruwa ya zagaye mu, muka taru a kan tudu. Wajen gudu na zame a kunyar gona, lauje ya tsarge min cinya, jini kamar an yanka rago. Wani masunci ya iso da ɗan kwalekwale, ya ce mutum ɗaya zai iya ɗauka. Yayana, wanda ya bar tasa gonar ya zo tawa, ya cicciɓe ni. Na ce, "Yaya, ni ne fa mai gayya." Ya ce, "Rufe min baki, sarkin surutu, jininka ke zuba." Wallahi ban ƙara musu ba. Har wani sanyi na ji a raina da muka bar tudun, kuma wannan sanyin ne yake cina har yau.

Masuncin ya kwashe sauran ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya tsaya ƙarshe a madadina. Kwalekwalen ya koma ya tarar ruwa ya shafe tudun.

Ba wanda ya taɓa zargina, har matarsa. Yanzu 'ya'yansa a gidana suke. Shekaranjiya na ba su labarin mutumin Italiya, na tsallake tambayar Baba. Sai 'yar autar Yaya ta yamutsa fuska ta ce, "Baffa, amma wannan mutumin bai da kunya, ko?"

Na ce mata ƙafarsa ce ta karye.