Yatsun Kawu Ilu

Ku da kuka san Kawu Ilu na Sandamu, ai kun san tafin hannunsa kafin fuskarsa. Mutumin nan bai iya zama ba! Yana tafe yana faɗa, sai ya ware maka yatsu biyar a gaban hanci: "Addini, rai, hankali, zuri'a, dukiya. Su Shari'a ta zo karewa. Maganar taka wanne ta kare?" Kana inda-inda ya yi gaba, ko sallama babu.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, samarinmu suka kori makaɗa daga wani biki, suka nufo masallaci suna huci. Kawu ya tare su a bakin rijiyar nan marar murfi.

"Kalangu yara nawa ya ci?"

"Haba Kawu, ai haramun ne!"

"Na ce halas ne? Wannan da ta haɗiye akuya jiya, gobe ɗan wa take jira?"

Ya faɗa gida ya ciro ƙyauren ɗakinsa ya kife a bakinta. Inna Dije, matarsa, damina guda ta yi tana tare feshin ruwa da tabarma, tana yi wa rijiya Allah ya isa.

A wannan daminar, da hatsi ya yi ƙasa a rumbuna, aka kama Tanko maƙwabcinmu da damin gero daga rumbun Kawu. Nan da nan ƙofar gida ta cika: "A kai shi Daura gaban alƙali! Hannu ne!" Na ga Tanko yana kallon hannunsa na dama kamar bai taɓa ganinsa ba.

Sai ga Kawu da sassarfa. Ya zagaya damin, ya murje zangarniya.

"Tanko, ka ba ni kunya! Ga mai kyau a gefe, ka ɗauko wanda ƙwari suka gama da shi?"

Ya juyo kan jama'a. "Wa ya ga hayaƙi a gidan mutumin nan cikin makon nan?" Kowa ya sunkuyar da kai. "Ni ma ban duba ba, ina can ina fama da rijiya. Magana ba ta je gaban alƙali ba, gero nawa ne, na yafe."

Wani ya ce, "To dukiya fa, Kawu? Tana cikin biyar ɗinka."

Ya ɗaga ɗan ƙaramin yatsansa. "Ga ta nan, ita ce autarsu. Rai yayanta ne." Ya harari Tanko. "Kai kuma ka sake, ba kotu zan kai ka ba, kullum a gidanka zan yi hira."

Ranar da Kawu ya rasu, Tanko bai bar kowa ya taɓa diga ba. Shi kaɗai ya haƙa kabarin, da hannun nan na dama.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya ba shi littafinsa a hannun dama, ya zaunar da shi ya huta, don a duniya bai taɓa zama ba.