Akawal ɗin Baba Isufu

Cikin shekarun da na yi a asibitin dabbobi na Damagaram, ranar da ba na mantawa da ita wata Alhamis ce, a daminata ta biyu da fitowa daga lakwal, wato makaranta. Lokacin ni ƙaramar mataimakiya ce, aikina wanke rauni da yin allura. Shef ɗinmu, lokotoro Mamman, ya fita rangadin rigakafin shanu wajen Tirmini, ya bar ni ni kaɗai a biro, wato ofis.

Da hantsi wani dattijo ya shigo, yana jan wani akawal, wato baƙin doki. Sunansa Baba Isufu, manomi daga Hamdara. Gwiwoyinsa sun gaji, dokin ne ƙafarsa ta zuwa gona da kasuwa. Amma ran nan a ƙasa ya tako, don ya kasa hawansa saboda tausayi.

Ya dube ni, ya leƙa bayana. "'Yata, ina lokotoro?"

Na ce ya fita daji. "Me ke damun dokin, Baba?"

Ya shiga murza igiya. Da ƙyar ya ce, "Ciwon ba na faɗa wa mace ba ne. In babu namiji, in wuce kasuwa. Dillalai sun ce ƙoda ce, gara in rabu da shi tun da sauran numfashi."

Muna cikin haka dokin ya buɗe ƙafafu zai yi fitsari. Ya yi ta nishi, abin na fita tsit-tsit yana fantsama gefe. Na duƙa na duba. Kuben, wato jakar fatar da gaban doki ke komawa ciki, ya kumbura yana wari. An koya mana cewa maiƙo da ƙasa kan taru a ciki, har su dunƙule a wani ɗan lungu da ke bakin mafitsara, su toshe hanya. Sau ɗaya tak na ga an cire shi, ban taɓa yi da hannuna ba.

Ni ma kunyar nake ji, har kunnuwana na zafi. Amma na ce, "Baba, ba ni zuwa azahar. In bai samu sauƙi ba, kasuwa ba ta watse ba."

Na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na sa safar hannu, na tsaya jikin kafaɗar dokin, don ba a tsaya wa doki ta baya. Ina taɓa shi ya ɗauke ƙafa, ya kai harbi, bokiti ya kife. Na sake ɗebo ruwa. Ya sake ƙi, ya janye gabansa can ciki.

Sai na ji Baba Isufu ya ce, "Dakata, 'yata. Ba a yi masa gaggawa."

Ya juya mini ƙeya don kada idonmu ya haɗu, ya rungumi wuyan dokin, yana sosa masa gindin kunne, yana wani ɗan fito a hankali, irin wanda yake masa a bakin rijiya. Ba a jima ba dokin ya sauke kai, ya saki jiki. Na jiƙa dattin ya yi laushi, na wanke da sabulu kaɗan, na ɗauraye sosai. Sannan na lalubi bakin da yatsa, na matso wani dunƙule mai tauri, girman ƙwallon dabino.

Kafin in cire safa, akawal ya saki fitsari, shaa, har ƙasa ta yi kumfa. Baba Isufu bai juyo ba. Hannun riga na ga ya kai fuska.

Na ce ya riƙa wanke masa sau ɗaya ko biyu a shekara, ba kullum ba, don yawan sabulu ma na busar da wurin. Ya ce, "Ubana yana yi wa nasa. Mu ne muka ga abin ƙazanta ne, muka bari." Ya sa mini albarka har sau uku, ya hau abinsa, bai ko kalli hanyar kasuwa ba.

Da shef ya dawo ya karanta rajista, ya ɗago ya ce, "Madam Hadiza, ba tare da allurar barci ba kika yi wannan?" Na ce mai dokin ne allurar. Ya yi dariya, ya sa hannu.

Ku matasan da ke aikin dabbobi yanzu kuna da babura da magunguna, mu da bokiti muka yi aiki. Amma ku riƙe wannan: dabba ba ta da bakin faɗar ciwonta, mai ita kuma wani lokaci kunya ce ke rufe nasa. Kada ku kore shi gefe don kun yi karatu. Ku kun san ciwon, shi ya san dokin.