Kabad ɗin Inna Delu

Har gobe ba na mantawa da ranar da muka kai kabad ɗin Inna Delu daga Durun zuwa Gwarzo. Ku da kuka shigo shagon nan daga baya kuna jin tsofaffin ma'aikata suna kirana Habu Mai Makara, kuna taya su dariya ba ku san mafari ba. To ku gyara zama.

Damina ce, a shekarar da maigidanmu Alhaji Ɗanjuma ya ɗaga ni daga bencin yankan katako ya mai da ni shugaban masu kai kaya. Ga wanda bai san tsarin shago ba, maigida shi ke karɓar aiki, babban kafinta ya yanka ya haɗa, mai fenti ya gyara masa fuska, sannan mu mu ɗauka mu kai har ɗakin mai shi. Mu ne na ƙarshe, saboda haka duk abin da ya fashe a hanya sunanmu ake kira.

Wata safiya Alhaji Sani mai hatsi ya zo shago, suka keɓe da maigida, can aka kira ni. Ashe mahaifiyarsa ce, Inna Delu, take zaune ita kaɗai a Durun tun rasuwar mahaifinsa, ga ciwon ƙafa, ga wani zazzaɓi da ya kwantar da ita a farkon daminar har aka fara fitar da rai. Ya daɗe yana roƙonta ta dawo gidansa a Gwarzo tana ƙi. Da ƙyar ta yarda, amma da sharaɗi: kabad ɗin aurenta zai riga ta shiga gidan, kuma idan ta iso ta tarar ko ƙwarzane ya yi, ba za ta sauko daga mota ba, a juya da ita.

"Malam Habu," in ji Alhaji Sani, "ba kaya na aike ka ɗaukowa ba. Uwata za ka ɗauko min."

Na ce, "In sha Allahu, Alhaji." A raina kuwa cewa nake, kabad dai ai kabad ne.

Da muka isa Durun da akori-kurar shago, ni da ma'aikata uku, na ga abin da idona, sai na daina raina shi. Dogo ne siriri, na maɗaci, ya yi baƙi yana ƙyalli saboda tsufa da shafar hannu, ƙofarsa ta sama gilashi ce, ƙasansa kuma aljihu mai zurfi. Irin aikin kafintocin da ne, ko gara ta zo sai dai ta gaishe shi ta wuce. Ƙa'idar aiki ita ce a cire gilashi a naɗe shi daban, a kwashe duk abin da ke ciki. Na duba gilashin na ga in aka taɓa katakon da ya riƙe shi zai ruguje, don haka na bar shi. Kwanukan jere kuwa mun kwashe su, sai wata tsohuwar langa a aljihun ƙasa da Inna ta ce ba ta taɓa kwana a waje ba, ba kuma yau za ta fara ba.

Tana zaune a kan tabarma da sandarta tana ba da umarni kamar ita ta koya min sana'ar.

"Yaro, a kwance za ku ɗauke shi, fuskarsa sama. Kada ku girgiza shi. Kada ku riƙa surutu a kansa, mai surutu ba ya duban gabansa."

Na ce, "To, Inna."

Muka naɗe shi da tabarmi, ita kuma ta miƙo farin zanen gadonta ta ce a rufa a sama saboda yayyafi. Don kada ya lanƙwasa gilashin ya tsage, na ari tsani a maƙwabta muka kwantar da shi a kai muka ɗaure. Alhaji Sani ya ce mu yi gaba, shi zai taho da Inna a motarsa idan ta gama sallama da mutanen gari.

Gidan Alhaji Sani yana can ƙarshen wani dogon lungu, kuma ruwan da aka yi ya mai da lungun taɓo, mota ba ta shiga. Gida ne mai jama'a: matarsa Hajiya Rabi da 'ya'yansu, iyalin ƙanensa, injin markaɗe da ba ya hutawa, awaki, da matan unguwa masu shiga da fita. Kowa a unguwar ya san yau za a kawo mahaifiyar Alhaji, kuma kowa ya san ba ta da lafiya. Abin da ba wanda ya sani shi ne zancen kabad.

Muka tsaya a bakin lungu muka ɗauki lokaci muna saukewa a hankali. Na gyara farin zanen, na ce wa mutanena, "Kafaɗa za mu sa. Taku ɗaya-ɗaya, ba magana." Wata mai awara da ke wurin ta tambaye ni, "Malam, na gidan Alhaji Sani ne? Daga Durun?" Na ɗaga mata kai kawai, don nauyi ya riga ya hau ni. Na ga ta dafe ƙirji ta bar kaskonta a kan wuta ta shige lungu da sauri. Na ce a raina, lallai Inna tana da farin jini.

Ba mu yi nisa ba wani dattijo ya taso daga kan benci, ya zo ya dafa ni ya karɓi gefena. Daga baya na san sunansa Baba Iro, maƙwabcin Alhaji. Sai ga tela ya baro kekensa ya karɓi wani gefen. Mai shayi ya zo, mai faci ya zo, wasu samari suka ajiye baburansu. Kowa ya sa kafaɗa ya yi ɗan taku, sai wani ya karɓe shi, duk a nutse, kawuna a sunkuye. Ni mutumin Kabo ne, na saba tsokanar mutanen Gwarzo da cewa ko ruwan alwala ba sa miƙa wa baƙo, amma ran nan kunya ta kama ni. Ina biye a baya ina sharar gumi, ina cewa a raina na zalunci bayin Allah. Da na ji suna salati ƙasa-ƙasa, na ɗauka nauyin maɗaci ne ya ishe su.

Kun dai san al'adarmu. Idan aka ɗauko mamaci, duk namijin da ya gani zai bi, ya sa kafaɗa ko kaɗan ne don neman lada, kuma ba a tambaya. Na sha yi da kaina. Amma mutumin da hankalinsa ke kan gilashi ba ya ganin komai sai gilashi.

Na fara shan jinin jikina ne da na ji tela yana raɗa wa na kusa da shi, "Ashe baiwar Allah tana da jiki." Kafin in gama juya maganar muka karya kwana, na hango ƙofar gidan. An shimfiɗa tabarmi, an jera butoci, injin markaɗe ya yi shiru, kukan mata kuma yana tashi daga ciki har da na Hajiya Rabi a sama da na kowa. Na buɗe baki zan yi bayani ke nan, ƙafar na gaba ta zame a taɓo, tsanin ya karkata, langar Inna ta gangara a cikin aljihu ta bugi katako, murfinta ya yi ta karkarwa.

Jama'a, ban taɓa ganin lungu ya yi faɗi irin na ran nan ba. Mai shayi ya bar takalmi ɗaya a taɓo. Tela ya haura katangar da ko akuya sai ta yi shawara. Ni da mutanena muka yi kukan kura muka tare, Baba Iro kuwa, Allah ya saka masa, ya rufe ido yana salati da ƙarfi amma bai saki gefensa ba. Duk da haka kusurwa ɗaya ta daki dutsen bakin zaure, na ji ƙarar har cikin haƙorina.

Ina ihu, "Kabad ne! Wallahi kabad ne!" ina yaye farin zane, sai ga Alhaji Sani ya ɓullo daga bakin lungu riƙe da hannun Inna. Ta ƙi jira a mota, ta ce sai ta ga kayanta da idonta. Waɗanda suka fara dawowa, har da tela da ke haurowa ta katanga, suka gan ta tana dogara sanda, saura kaɗan su sake watsewa.

Inna ba ta kalli kowa ba. Ta zo ta shafa gilashin, lafiya lau. Ta bi gefe da hannu har ta kai kusurwar ƙasa, inda katako ya ɓare, ja ya fito a cikin baƙi. Ta daɗe hannunta yana wurin. Na kalli Alhaji Sani, babban mutum mai rumbuna, na ga idonsa ya kawo ruwa. Tausayinsa ya kama ni fiye da tsoron abin da maigida zai yi min.

Can ta ɗago ta dubi tabarmi da butoci da mutanen da suka cika lungu, ga Hajiya Rabi a bakin zaure ido ya kumbura.

"Wa ya rasu?"

Baba Iro ya yi gyaran murya. "Hajiya, ki gafarce mu. Ke muka ɗauka. Har an tafi aron diga da shebur."

"Ka san ni ne?"

"Ban taɓa ganinki ba sai yau. Amma ai uwar maƙwabcinmu ce."

Ta kalle shi, sannan ta kalli surukarta. "Ke kuma duk wannan kukan nawa ne?" Hajiya Rabi ta zo ta rungume ta, sabon kuka ya tashi.

Inna ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Sani, a shigar da shi. A sauko min da ƙullin kayana daga mota." Ta nuna Baba Iro da sanda. "Ranar ta gaskiya, wannan shi zai riƙe wajen kaina. Shi kuwa mai haura katanga, a ba shi buta ya riƙe."

Dariyar da aka yi har awakin gidan sai da suka firgita. Mutanen da suka taru don jana'iza su suka taya mu juya kabad ɗin ta zaure mai ƙofa a karkace, mata na janye turmi da igiyar shanya, har muka tsayar da shi a ɗakin da aka gyara mata. Na ce zan dawo in cike ɓarin in shafe shi yadda ba mai ganewa. Ta ce kada in kuskura.

Maigida ya yi min faɗa, ya kuma kafa dokar da kuke bi har yau: ba a rufe kaya da farin ƙyalle, kuma kafin a sauke sai an aika cikin gida an faɗi abin da aka kawo. Ku riƙe wannan. Amma abin da ni na ɗauka daga ranar ya wuce doka. Sabon kaya katako ne da fenti, in ya ɓare a biya. Tsohon kaya kuwa da mai shi kake tafe, da tsoronsa na barin inda ya saba. Inna Delu ta yi sauran shekarunta a gidan nan, kuma da ranar ta zo, Baba Iro ya tsufa har ba ya iya ɗaukar komai, amma sai da aka riƙo shi ya dafa wajen kanta. Ni ma na sa kafaɗa. Ba ta da nauyi ko kaɗan.