Akwatin da ƙanina ya rataye a darbejiya

Shekarun baya, lokacin da dokar hana fita ke kulle mu a gida tun kafin magariba, ƙanina yana karatun digirin dakta a kan kwaɗi. Ni da na tsaya a firamare ban taɓa jin an zama dakta da kwaɗo ba. Ya ce damina ta daina zuwa a kan kari, zafi yana shanye kududdufi kafin talibambam su yi ƙafa, shi kuma yana so ya san abin da ya rage don a kare su.

Da yake ba halin fita da yamma, sai ya ɗaure wani ɗan akwatin ɗaukar murya a darbejiyar bakin kududdufin bayan gidana, a Dala. Baƙi ne, ga waya, ga 'yar jar fitila mai ƙiftawa. Ni kuwa ko sakata na sa, sai na tashi na sake taɓawa. Na ce, "A garin nan za ka rataye wannan abin?"

Ya ce, "Yaya, ke ko inuwarki tsoro take ba ki."

Washegari da hantsi 'yan gora, matasan sa-kai masu sintirin unguwa, suka kawo shi gaban bulama, mai unguwarmu, riƙe da wuyan rigarsa. Sun ce bam ya dasa. Na san waɗanda aka tafi da su a kan abin da bai kai wannan ba, har yau ba labari.

Bulama ya ce, "Ɗana, ka ce kukan kwaɗi ne a ciki. Kunna mu ji. In babu, ba ni da bakin kare ka."

Kowa ya ja baya. Ƙanina ya kunna.

Shiru. Sai iska a ganye. Can nesa, harbi. Shiru kuma.

Wani mai gora ya ce, "Malam Dakta, ko kwaɗin naka ma doka ta hana su fita?" Ba wanda ya yi dariya.

Ina ta salati, sai na tuna rabona da jin kwaɗi ya kai damina da yawa. Da can ba sa barinmu barci. Kunnenmu ya koma kan bindiga, ba mu san sun tafi ba.

Sai ga muryar kwaɗo ɗaya daga cikin akwatin. Ya kira, ya dakata, kamar mai sallama a gidan da aka tashi. Ya sake kira. Ba mai amsawa.

Bulama ya ce, "Ku sake shi. A da fa sai mun ɗaga murya in muna hira a nan."

Ƙanina ya gama karatunsa lafiya, har gobe yana tsokanata da tsoro. Ni dai duk ruwan farko nakan tsaya a tsakar gida in kasa kunne. In na ji ɗaya ya kira, ba na iya shiga ɗaki sai wani ya amsa masa.