Hoton Kunnen Karen Ƙanena

Ƙanena yana zaune a wani ƙauye bayan Rogo, a gidan gona da ba shi da maƙwabci na kusa. Awakinsa a waje suke kwana, kuma abin da ya hana ɓarayi kusantarsu wani jan kare ne mai jin motsi tun daga nesa.

Shekarar da na dawo Karaye da zama, na je gaishe shi na tarar karen yana tafiya da kai a karkace, yana ta kaɗa kunnen hagu, wari na fita. Wani tsiro ne ya leƙo daga ramin kunnen. Kafin zuwana wani makiyayi ya riga ya yi masa lalas da ƙarfe mai zafi, yadda suke yi wa saniya mai kumburi. A jikin saniya abin yana aiki. A nan kuwa ƙunar ta sa bakin ramin ya kumbura ya toshe, mugunya ta rasa hanyar fita.

Na taɓa ganin an kwantar da kare an ɗauki hoton cikin kansa da na'ura a Khartoum, na sake gani a Yawunde, lokacin abin dariya ya ba ni. Malamin dabbobi na Karaye ya haska kunnen, ya ce ba zai sa wuƙa ba sai ya san inda tsiron ya tsaya, kuma hoto kaɗai zai nuna hakan. Sai dai mu je Zariya.

A tasha direbobi suka ƙi mu saboda karen. Ɗaya ya ce, cikin ladabi, "Baba, fasinjojina da kayan sallarsu suke. In ya lashi rigar wani, ni za a zaga." Ban ga laifinsa ba. Muka yi ta jira har kwanaki suka shige, kafin wani mai motar masara ya yarda mu hau baya.

A asibitin dabbobi aka yi wa karen allurar barci, aka ɗauki hoton. Likitar ta ɗaga shi ga haske, ta nuna mana kunnen dama, inda iska ta fito baƙa, sannan na hagu, inda komai ya cushe ya yi fari har ƙashin da ke bayan kunnen. Abin da makiyayin ya ƙona ɗan kan tsiron ne kawai. Ta ce ana iya cire ramin kunnen gaba ɗaya, amma ba zai ƙara ji ta nan ba, kuma ba ta yi alkawarin tsiron ba zai dawo ba.

Ƙanena ya daɗe yana kallon hoton.

"Yaya," ya ce, "a yanka shi, ya sha wahala, sannan ya rasa ta ina ɓarawo ya zo?"

Muka karɓi maganin rage zafi muka dawo. Makon nan ƙanena ya rushe wani tsohon rumbu don a sami fili, ya shigar da awakin cikin gida. Karen ya ci gaba da kwana a inda garken yake a da, har ya mutu kafin a gama girbi.