Kifin da Babu, Masuntan da Babu

Malam Hodi ɗan masunta ne a Argungu, kuma tun kafin ya riƙe alli ya iya rabo. A gidansu in an fito daga gulbi, ana zube kifi a ƙasa, a ƙirga waɗanda suka shiga ruwa da homa, ragar kamun kifi, kowa ya ɗauki kasonsa. Da wannan yake koyar da lissafi a firamare, shekara goma sha ɗaya, babu wanda ya taɓa kawo ƙararsa.

A 1978 aka kira shi Birnin Kebbi ganawar neman hedimasta, shi da Malam Maigandi, abokin aikinsa. Kujera ɗaya ce, kuma kowa ya san ta Hodi ce.

Shugaban masu ganawar ya leƙa takardar amsoshi da ke gabansa, ya ce, “Sifili a raba da sifili, nawa ke nan?”

Hodi ya ce, “Ranka shi daɗe, wanga ba shi da amsa guda.”

“Takarda ta ce sifili.”

“To a duba. Kifi shida, masunta uku, kowa biyu, don biyu sau uku shida ne. Yanzu ba a kama komai ba, ba kuma wanda ya shiga ruwa. Kowa nawa zai samu? In ka ce sifili, ya yi. In na ce goma, goma sau babu ai babu ne, shi ma ya yi. Ɗari ma haka. Wacce za mu ɗauka?”

Mutumin ya tsuke fuska. Wai an kawo masa ƙarnin kifi ofis! Ya miƙo biro ya ce, “Malam, rubuta sifili ka tafi da kujerarka.”

Wallahi Hodi yana son kujerar nan. Ya karɓi biron. Amma gobe da wane bakin zai tsaya gaban aji? Ya ajiye biron a kan tebur.

Maigandi kuwa da ya shiga, ko numfashi bai ja ba ya ce sifili. Shi aka ba. Abin takaici, jama'a, mutumin da in rabo ya haura ɗari sai ya leƙo ajin Hodi ya tambaya!

Shekara goma sha biyu Hodi yana ƙarƙashinsa, yana gaishe shi kowace safiya, gashinsa ya yi fari a aji biyar. Ranar wata Litinin aka aiko da sabon littafin lissafi. Maigandi ya tara malamai a gindin darbejiya, ya gyara hula, ya karanta musu cewa daga yau sifili a raba da sifili ba shi da amsa. Sannan ya juyo, ba kunya ba tsoron Allah, ya ce, “Malam Hodi, ka gane, ko in maimaita maka?”

Hodi ya dube shi. Ya ce, “Maimaita, ranka shi daɗe. Shekara goma sha biyu nike jiran in ji ta a bakin wani.”