Kwamina Ya Mai da Mai Goge Bahago

A shekarun da takarda ta yi wuya a Tamale, Kwamina mutumin kudu ne ke tsara shafukan wata 'yar mujallar waƙa da almakashi da gam. Dokarsa ita ce a hoto mawaƙi ya kalli cikin shafi, idon mai karatu ya bi shi.

Hoton Wumpini mai goge ya zo yana kallon waje, sai Kwamina ya juya fim ɗin hoton, dama ta koma hagu. Mujalla ta fito, Wumpini na jan goge da hagu.

"Maigida, surukaina sun gani," in ji Wumpini. "Sun ce da hagu nake yi wa manya kiɗa."

Babu takardar sake bugawa. Kwamina ya hau keke har Gumani, unguwar surukan, ya durƙusa ya yi bayani. Surukan suka yafe, amma sai da suka ajiye masa tuwo, suka zauna kallon hannun da zai sa.